Neman asalin kakar mahaifiya: matsayin nasaba da gado a shari'a

Wata mai karatu daga Sakkwato ta rubuto cewa tana neman tarihin kakar mahaifiyarta, wadda kowa a gidansu ya sani da Goggo kawai, babu wanda ya riƙe sunanta na yanka. An ce mahaifin Goggo yana da gonar fadama a wajen Kware, kuma har yau gonar tana hannun jikokin 'yan'uwanta maza. Wasu dangi suna raɗe-raɗin cewa uwar Goggo sa-ɗaka ce, don haka ba ta da rabo. Tambayarta ita ce ta yaya za ta gano wannan baiwar Allah, kuma ko zuriyarta na da haƙƙi a gonar.

Malama, tambayarki gida biyu ce, kuma yana da kyau ki raba su tun daga farko, domin abin da zai gamsar da mai neman tarihi ba lallai ne ya gamsar da alƙali ba.

Dalilin da ya sa sunan mace yake ɓacewa a ƙasarmu sananne ne. Alkunya tana hana a kira ta da sunanta, sai a sakaya da Inna ko Goggo ko sunan rana, salsala kuma ta uba ake bi. Takardun haraji na zamanin En'e magidanta suka fi kula da su, rajistar haihuwa da mutuwa kuwa sai daga baya doka ta wajabta ta a faɗin Najeriya, a yau kuma tana ƙarƙashin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Saboda haka kada ki sa ran samun takardar haihuwarta. Ki neme ta ta hanyar mazan da ke kewaye da ita, wato mahaifinta da mijinta da 'yan'uwanta, domin inda alƙali ya raba gado dole ne a lissafa magada, kuma a nan ne sunayen mata suka fi fitowa. Ki tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda aka adana fayilolin tsohon Lardin Sakkwato na bayan zuwan Turawa a 1903. Ma'ajiyar ta gwamnatin tarayya ce, don haka Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ki damar neman bayani a rubuce, kuma ta ɗora wa hukuma wa'adin kwana 7 ta amsa. Ki kuma duba littattafan malaman gidanku, domin sau da yawa a gefen shafi ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami.

Maganar sa-ɗaka kuwa, ina so ki kwantar da hankalinki, domin abin takaici ne yadda ake amfani da ita wajen danne haƙƙin mutane. A fiƙihun Malikiyya, ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke, nasabarsa tabbatacciya ce, kuma yana cin gado daidai da ɗan matar aure. Ko da raɗe-raɗin gaskiya ne, bai rage wa Goggo komai daga rabonta na 'ya ba.

Abin da zai yanke hukunci a kan gonar shi ne jerin mace-macen. Jika ta wajen 'ya mace ba ta gadon kakanta kai tsaye, saboda haka ku ba za ku gaji mai gonar da kanku ba. Amma idan Goggo tana raye lokacin da mahaifinta ya rasu, to rabonta ya tabbata tun a ranar, ko an raba ko ba a raba ba, kuma da ta rasu sai rabon ya gangaro ga magadanta, daga su kuma ya gangaro ga nasu magadan. Wannan shi ne abin da malaman gado suke kira munasakha. Idan kuwa ita ta riga mahaifinta rasuwa, babu abin da ya gangaro muku daga gonar, sai dai idan akwai kyauta ko wasiyya. Ke kanki ma, in mahaifiyarki tana raye, haƙƙin nata ne, kuma ita ce za ta shigar da ƙara ko ta ba ki wakilci.

Tun da babu wanda ya ga Goggo a gidan mahaifinta da zai zo ya ba da shaida, hanyar da ta rage ita ce shaidar ji, wato shahadatus sama'i, wadda Malikiyya ta yarda da ita a kan nasaba da aure da mutuwa. Ana buƙatar shaidu biyu adalai su ce sun daɗe suna ji daga amintattu da waɗanda ba su ba cewa wance 'yar wane ce, zamani ya yi tsawo, babu abin tuhuma a maganarsu, sannan mai da'awa ya yi rantsuwa. Tsofaffin mata su ne suka fi sanin irin wannan labari, amma a kan nasaba kotu shaidar maza take nema, don haka ki bar matan su nuna miki dattawan da suka ji abin da suka ji.

Babban cikas da ke gabanku shi ne hauzi, wato daɗewar riƙon dukiya a hannun wani. Wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 a gaban mai haƙƙi bare, yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, da'awar mai haƙƙin ta faɗi. Tsakanin dangi an tsawaita wa'adin zuwa shekara 40, amma a lamarinku mai yiwuwa shi ma ya wuce. Abin da zai iya cetonku shi ne ku nuna cewa riƙon nasu na amana ne ko aro, misali idan an saba aiko wa Goggo buhun shinkafa bayan girbi a matsayin rabonta, ko kuma ita da zuriyarta ba sa gari, ba su kuma san da haƙƙin ba.

Rabon gado hurumin kotun shari'ar Musulunci ne ta yankin da gonar take, ɗaukaka ƙara kuma yana kaiwa ga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha bisa sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Duk da haka ban ba ki shawarar fara da kotu ba, domin da zarar sammaci ya isa gidan danginku, bakunan da kike buƙata za su rufe. Ki fara ziyartar tsofaffi da niyyar zumunci, ki ɗauki muryarsu da izininsu, ki rubuta sunan mai magana da ranar da wanda ya ji labarin daga gare shi, musamman a kan wanda ya riga wani rasuwa. Idan bayanan sun nuna akwai haƙƙi, ki kai maganar gaban uban ƙasa ko limamin garin don a yi sulhu, a rubuta abin da aka amince da shi, shaidu su sa hannu, sannan a kai takardar kotu ta tabbatar da ita.