Amsa ga ƙanenmu da kullum ake ba wa rol ɗin ɗan daba

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena ɗan fim da ya yi tambaya jiya, wanda ya ce duk siris ɗin 'yan sanda da masu laifi da aka kira shi sai a miƙa masa wuƙa a ce shi ne ɗan daba, ga shi yanzu an sake kiransa wani sabo yana tambaya ya karɓa ko ya ƙi, wallahi na karanta na kasa wucewa. Abin da ke cin ka shi ya ci ni shekara da shekaru, ka yi haƙuri in na cika ka da surutu.

Na san yadda suke yi. Ka shiga ofis ko gaisawa ba ku gama ba, darakta ya dubi faɗin kafaɗarka da baƙinka da jan idonka ya ce yauwa mun samu shugaban daba. Ba wanda ya ba ka sikirif ka karanta, ba wanda ya saurari muryarka. In kuwa kai fari ne mai ɗan tumbi to kai ne DPO ko Alhajin da aka yi wa fashi. Mai kallo tun sin ɗin farko, wato fitowar farko a fim ɗin, ya riga ya gane ɓarawon, to me zai zauna jira har kashi na ashirin? Alhali duk wanda ya taɓa leƙa kotun majistare ranar da aka kawo masu ƙwacen waya ya san yawancinsu yara ne sirara, wani ma in ka haɗu da shi a layi aikensa za ka yi ya sayo maka kati.

Ni abin da aka yi min har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Wani darakta, ba zan kama suna ba, shi da kansa ya kira ni ya ce ya gaji da ganina ina zare ido, a sabon aikinsa ni ne sufeton da zai binciki kisan, tun daga farko har ƙarshe. Ƙanena ban taɓa farin ciki a harkar nan irin na lokacin ba. Na haddace layukana, na nemi wani dattijo ɗan sanda mai ritaya a unguwarmu na riƙa zama da shi bayan la'asar, ya koya min yadda ake sara wa na gaba, yadda ake ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma, yadda mai bincike na gaske yake yin shiru ya bar mutum ya ɗaure kansa da bakinsa. Da kuɗina na ɗinka kaki. Na gaya wa mahaifiyata, wadda dama ba ta taɓa son ganina da barandami a talabijin ba, har ta sa min albarka. Ranar lokeshan, wato ranar zuwa wurin ɗaukar fim ɗin, na je da sassafe sai na tarar da wani yaro sanye da kayan sufeto ana shafa masa hoda, wai yana da mabiya da yawa a TikTok kuma furodusa ne ya kawo shi. Daraktan ko kallon idona bai iya yi ba, yaronsa ya turo ya ce in cire riga in durƙusa a bayan kanta za a sa min ankwa. Na durƙusa, don na riga na ci kuɗin mota kuma ina da iyali. Yaron nan ya kasa faɗin layi uku a jere, aka yi ta maimaitawa ina durƙushe a siminti ankwa na cin hannuna, daga ƙarshe daraktan ya ce min wai in riƙa raɗa masa layin daga ƙasa tunda ni na haddace. Na raɗa masa. Kuma da aka ce ya mare ni marin gaske ya yi, jama'a suka yi dariya, aka ce a sake don kyamara ba ta ɗauka da kyau ba. Har yau mutumin nan bai ce min yi haƙuri ba, in mun haɗu a wajen biki sai ya daki kafaɗata ya ce shugaban daba, kamar ba abin da ya faru. Abin da ya fi ƙona min rai ma komawa gida, da na rasa yadda zan gaya wa tsohuwa. Na bar shi da Allah.

To amma kar ka ɗauka rol ɗin mugu ne matsalar. Ka nemi The Wire ka kalla, siris ne na Amurka, wanda tashar HBO ta nuna daga 2002 zuwa 2008, labarin 'yan sanda da masu sayar da ƙwaya a birnin Baltimo. David Simon da ya ƙirƙiro shi ɗan jarida ne da ya daɗe yana ɗauko labaran laifi a garin, abokin aikinsa Ed Burns kuma tsohon ɗan sanda mai binciken kisa. Dubi yadda suka raba rol. Idris Elba mutumin Landan ne, aka ba shi Stringer Bell, babba a gungun masu ƙwaya, amma mutum ne mai gilashi mai magana a hankali, har makaranta yake zuwa koyon tattalin arziki, kuma tsoronsa ya fi na masu ihu. Melvin Williams kuwa tsohon dillalin ƙwaya ne na gaske wanda ya yi zaman kurkuku, Burns na cikin waɗanda suka bincike shi, amma da suka sa shi a fim ɗin mutumin coci suka mai da shi, mai yi wa yara nasiha. A wajenmu wa zai yi wannan tunanin? Shi kuma Michael K. Williams yana da tabon yanka a fuska na gaske, irin fuskar da za a ce ta daba ce, amma Omar da ya fito a ciki mutum ne mai ƙa'ida, ba ya taɓa wanda ba ya cikin harkar, yana raka kakarsa coci. Fuskarsa ta sa aka kira shi, rubutu da iyawarsa suka sa ba a manta da shi ba.

Mu ma muna da ƙarfinmu fa, kar wani ya raina mu. Yaranmu masu fitowa a daba sun iya bakin titi, yadda suke jan magana da kirari da yadda ƙarami ke rusuna wa oga, ba marubucin da zai rubuta musu wannan, daga unguwa suka zo da shi. Iyayenmu mata masu fitowa uwar yaron da aka kama, in suka tsaya a ƙofar caji ofis da kwanon abinci, ko mu da ke bayan kyamara jikinmu sanyi yake. Inda muke faɗuwa ɓangaren 'yan sanda ne. Kowa tsawa, kowa dukan tebur, ana cakuɗa Turancin da ba a iya ba. Za ka ga an ce mutum DPO ne an liƙa masa igiya uku ta saje a hannu, alhali DPO yawanci sufuritanda (SP) ne ko babban sufuritanda (CSP), sama da saje nesa ba kusa ba. Ina jin dirama mai dogon zango ta 'yan sandan Indiya mai suna CID ce ta shiga kanmu, wadda ta yi daga 1998 har 2018 ana ɓalle ƙofa ana mari mai laifi ya fashe da kuka ya amsa. Kuma marubutanmu don Allah ku riƙa tambaya, kullum sai ku nuna an kama uba a madadin ɗansa kamar daidai ne, bayan dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana hakan ƙarara, mutanen ƙauye suna kallo suna ɗauka haka doka take.

Shawarata ka je, amma kar ka amsa a waya. Ka ce a ba ka sikirif tukuna. Ka duba, yaron da za ka fito yana da suna ko kuwa Ɗan daba na 2 aka rubuta? Yana da uwa, yana da abin da yake tsoro, akwai sin ko ɗaya da yake zaune yana cin abinci ba wuƙa a hannunsa? In akwai ka karɓa da hannu biyu ko da kuɗin kaɗan ne. In babu, kuma ba yunwa ce ta matsa maka ba, ka ba su haƙuri. In ta matsa ka yi, ba wanda zai zage ka a nan, duk mun yi. Kuma ka daina dariyar mugunta ɗin nan da suke sa mu, ka rage murya, ka kalli mutum ido cikin ido ka yi maganar a sanyaye ka ga yadda lokeshan zai yi tsit. Maganar kuɗi a rubuce, ko a WhatsApp ne, da sunan rol ɗin, don kar a yi maka irin tawa. Kar ka yarda da wuƙa mai kaifi, na ga wanda aka ɗinke wa hannu kuma shi ya biya asibiti. Ka tambaya ma ko sun kai labarin Hukumar Tace Fina-finai, ka tuna a 2021 hukumar ta Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, kar ka sha wahalar banza aikin ya maƙale.

In kana neman aure ka je da kanka ka yi wa iyayen yarinyar bayanin sana'arka tun kafin wani ya kai musu bidiyonka kana riƙe da gariyo, wannan ya raba mutane da yawa a cikinmu da waɗanda suke so. Sannan ka sa wani ya ɗauke ka a waya kana yin malamin makaranta ko likita ko mai bincike, minti biyu ya isa, ka riƙa tura wa daraktoci, don su ba za su taɓa hango ka a haka da kansu ba. In an ba ka sikirif ɗin ka turo min ta inbox mu duba tare kafin ka ba su amsa.