Tambaya da amsa: wace shuka mai yaɗo ce za ta rufe min filin gida?

Tambaya: Salamu alaikum. Mun tare a sabon gida a Kano, bayan gidan fili ne fetal, da hunturu ƙura da damina taɓo. Na ga wata shuka wai ivy a hotunan gidajen Turai ta rufe ƙasa kore shar, mai fulawa ya ce zai samo min. In saya? Ina kiwon awaki biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a gidan. Gaskiya kar ki saya. Ivy shukar ƙasar sanyi da inuwa ce, a Ingila da Faransa take jin daɗinta, mu kuwa zafin Afirilu a Kano yana wuce digiri 40, za ki yi ta ɗorawa kanki ban ruwa safe da yamma ƙarshe ganyen ya ƙone ki yi asarar kuɗinki. Da a Jos kike ma da na ce ki jarraba a inuwa.

Wadda na ga tana jure mana ita ce wedeliya, mai ƙananan furanni ruwan ɗorawa ɗin nan, masu fulawa na bakin titi sun san ta. Asalinta daga yankin Amurka ta Tsakiya ne. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, shi ya sa ba sai kin sayi leda hamsin ba, ki sayi goma kawai, in sun kama ki dinga yanko reshe kina dasawa taku ɗaya tsakani. Ki bari sai ruwa ya zauna a Yuni, ki zuba takin awakin naki wanda ya riga ya ruɓe. Da rani dai dole ki ba ta ruwa ko da na wanke-wanke ne mara sabulu sosai, in ba haka ba korenta zai tafi.

Amma fa tana da mamaya, har tana cikin jerin halittu 100 mafi mamaye wuri a duniya. Ki yi mata iyaka da bulo, abin da kika yanke kuma ki shanya ya bushe ƙayau kafin ki zubar, kar a watsa a kwata.

Saboda awakin nan, dan Allah ko wani ya ce ki ciro duman rafi tunda kyauta ne kar ki yarda, yana sa dabba makyarkyata da tangaɗi in ta ci da yawa. In kina son wanda za su ci lafiya ku ma ku ci, sa dankalin Hausa a gefe guda, wata 4 kin haƙa.

Tambaya daga wani mai karatu: Wai irin wannan shuka tana tara macizai?

Amsa: In ta yi duhu ta yi tsawo, eh za su iya fakewa yallaɓai. Ka dinga aske ta kar ta wuce idon sawu, ka bar tsakuwa taku biyu tsakaninta da bango, kuma ka kwashe tarin bulo da itace a kusa, can ɓeraye suke.