Ku Tambayi Ungozoma: Mai ciki da kwaɗayin dankalin turawa

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Cikina na fari ne, wata biyar. Tun da laulayi ya sake ni ba abin da raina yake so sai soyayyen dankalin turawa da yaji, maigida yakan biyo ta kasuwar Kejetia ya sayo mini. Sai ga uwar mijina ta turo mini wata murya ta WhatsApp, wai dankali yana sa a haifi yaro da rauni a gadon baya. Ga shi kuma wanda ya rage a kwando ya fara tsiro, wasu sun yi kore. In daina ci ne? — 'Yarki daga Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raba lafiya. Ki ci dankalinki, amma ba na cikin kwandon nan ba.

Maganar surukarki ba daga sama ta faɗo ba. A 1972 wani masani a Ingila mai suna James Renwick ya yi zargin cewa dankalin da cuta ta kama yana jawo wannan rauni na gadon baya. Aka bi maganar, ba ta tabbata ba, amma ga ta har yau tana yawo a wayoyinmu. Gadon bayan jariri yana rufewa ne tun cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ma ba ta gama sanin tana da ciki ba, kuma abin da ke taimakawa wajen kare shi ƙwayar folik asid ce, irin wadda ake ba ku a wurin awo, idan an sha ta tun kafin ya rufe. Ke da kike wata biyar, an wuce wajen.

Na kwandon ne ya fi damuna. Dankalin turawa idan ya sha haske sai bayansa ya yi kore, kuma a lokacin ne wani dafi mai suna solanin yake ƙaruwa a cikinsa. Ya fi taruwa a ɓawo, a idanun, da tsiron nan. Abin da matanmu ba su yarda da shi ba: wuta ba ta kashe shi. Ki tafasa, ki soya, yana nan. Yana kawo amai, gudawa da murɗawar ciki, mai ciki kuwa ba ta da ruwan jikin da za ta yi asara. Idan ɗan tabon kore ne a dankali mai tauri, ki fere da kauri, ki ƙwaƙule idon. Wanda ya yamushe, ya yi dogon tsiro, ko koren ya mamaye shi, ko kika ji ɗaci a baki, bola ce wurinsa. Na san da tsada, yanzu sidi ba ya auki, amma kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ya fi. Ki ce wa maigida ya riƙa sayo kaɗan-kaɗan, ya kauce wa wanda aka baza a rana, ke kuma ki ajiye a inuwa inda iska ke shiga, ba cikin leda ba.

Ki wanke ƙasar jikinsa tas kafin wuƙa ta taɓa shi, ki wanke hannu. Ƙasar da kyanwa ta yi kashi a ciki tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke iya kaiwa ga jariri.

Sai suyar. A shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙaton jariri a cikin uwar da sukari ya hau mata ba ta sani ba. Dankali yana saurin zama sukari a jini. Ki haɗa shi da koko mai sukari da safe, waakye, wato shinkafa da wake, da rana, tuwo da dare, kin ga lissafin. Tsakanin mako 24 da 28 ake gwajin sukari, kin kusa. In ba su ambata ba, ke ki tambaya, musamman in akwai mai ciwon a gidanku. Kafin nan ki riƙa dafawa fiye da soyawa, kamar cikin tafin hannunki, da ƙwai ko kifi da miyar kontomire, wato ganyen gwaza. Ranar da kwaɗayi ya ci ƙarfinki kika soya, ki kwashe shi yana ruwan zinariya, kada ya yi duhu, ki rage gishiri.

Dankalin Hausa kuwa ba danginsu ɗaya ba, babu solanin a cikinsa. Ki nemi mai jan cikin nan da ake kira Apomuden, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua, kusa da Kumasi, ta fitar. Jiki yana mai da shi bitamin A. Ki dafa, ki aika wa surukarki kwano guda.

Na kusa mantawa. Salak ɗin dankali mai mayonis da ake jerawa a wajen biki ko suna tun hantsi har la'asar, ki bar wa marasa ciki. Na gida ma, in ya wuce awa 2 a waje, ko wuta ta ɗauke firij ya huce, kada ki ɗanɗana.