Sayen dala a Wapa a sayar a Abuja, da maganar kuɗin PTA

Tambaya: Salamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ƙaramin ɗan canji ne, nakan sayi dala a kasuwar canji ta Wapa a Kano in ta ɗan sauka sai in kira abokin hulɗata a Zone 4 Abuja in sayar masa da ƙarin naira biyar ko goma a kan kowace dala, wani lokacin duk a waya muke gamawa. Sannan a ƙarshen 2022 na taɓa yankar tikitin jirgi na karɓi PTA (dalar guzurin tafiya da ake sayar wa matafiyi a farashin gwamnati) a banki, na soke tafiyar na sayar da dalar a kasuwa. Ya hukuncin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Saye inda ya yi araha a sayar inda ya yi tsada ai shi ne kasuwanci tun fil azal. Urwatul Bariƙi Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayi biyu ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya ga kuma dinarin, Annabi ya sa masa albarka. To naira da dala jinsi biyu ne, ƙarin nan naka halal ne, ba kuɗin ruwa ba ne.

Inda nake jin tsoro gareku 'yan canji shi ne hannu da hannu. Malik bn Aus ya kawo dinari 100 zai canza wajen sahabi Ɗalha bn Ubaidillah, Ɗalha ya karɓa yana jujjuya su a hannu ya ce bari mai ajiyata ya dawo daga Gaba (wani wuri kusa da Madina), Sayyidina Umar na ji ya rantse ba za su rabu ba sai Malik ya karɓi kuɗinsa, kuma fa Ɗalha ne, ba wanda ke zarginsa da cin amana. Alat in ya shigo kafin ku rabu ko kafin ku kashe waya ya zama karɓa, kuma yaronka ko wakilinka a Abuja ya miƙa dalar a lokacin. Amma “turo naira yanzu dala sai gobe da safe” wannan bai halatta ba, haka nan ka sayar da dalar da ba ta shigo hannunka ba don ka ji farashi ya motsa.

Na PTA kuwa wallahi haramun ne, kar wani ya rarrashe ka. Dala 4,000 ɗin nan matafiyi aka warewa, a lokacin banki na bayarwa ƙasa da naira 500 kasuwa ta haura 700, ka sa hannu a fom ka ce tafiya za ka yi alhali ka san ba inda za ka, ga mara lafiya mai neman zuwa asibiti a Masar yana ta sintiri a banki ana ce masa babu dala. Ka tuba, uwar kuɗinka taka ce, amma abin da ya hau kai ka lissafa ka fitar da shi ga mabuƙata ko da kaɗan kaɗan ne. Allah ne mafi sani.