Ajiye Wayar Nan, Ka Saurare Ni Kan Cikin Motar

Ka kawo mini hotunan cikin sabuwar motar gudun nan mai ƙofa huɗu da ake jiran fitowarta, kana tambaya wa ke da gaskiya tsakanin masu yabon ƙaton allon da ya cinye dashbod da masu kukan an cire madannai. Ajiye wayar tukuna, yaro. Ni mai ɗinkin kujerun mota ne, idona bai je kan allon ba. Sitiyari na kalla da gefen kujera, na ga sun lulluɓe su da Alcantara, nan take raina ya ɓaci, don ta tuna mini wani mutum.

Ku yaran yanzu kuna ce mata fata. Ba fata ba ce. Yadi ne na roba, mafi yawansa foliyesta, a Japan aka ƙirƙiro shi a 1970, kuma a Italiya ake yin mai wannan sunan. Amfaninta a motar gudu sananne ne: ba ta santsi, ba ta ƙyalli a rana, tana riƙe jikin direba idan ya sha kwana da ƙarfi. Sai dai direban tsere safar hannu yake sawa. Mai shiga mota kullum kuwa da gumi da maiƙo yake kama sitiyari, sannu a hankali gashinta ya kwanta, ta yi baƙi, ta koma kamar tsohuwar fatar takalmi. Wannan kuwa ba za ka gan shi a hoto ba.

Mutumin nan ya zo mini da irin wannan mota, Bajamushiya, yana so in sauya mata ciki gaba ɗaya: kujeru, sitiyari, jikin ƙofofi, har rufi. Ya ce shi zai kawo yadinsa, wai ya yo odar na asali daga waje. Da na warware bandir ɗin na shafa, hannuna ya gaya mini ƙarya ne. Na asali idan ka shafa shi gaba ka shafa baya, launin yakan sauya a hankali, kuma yana da jiki. Wannan sakwaf yake, bayansa kamar takarda. Na faɗa masa. Ya daka mini tsawa a gaban yarana, wai ban saba ganin kayan manya ba shi ya sa. Kuskurena ɗaya ne, kuma har yau yana ci mini rai: ban sa ya rubuta da hannunsa cewa yadin nasa ne, na kuma gargaɗe shi ba.

Kwana goma sha tara na yi a kan motar nan. Na kori ƙananan ayyuka har bakwai saboda ita. Tudun gefen kujerar direba, wanda masu son mota ke yabo don yana rungume mutum, shi ya fi ba ni wuya, domin soson ya riga ya mutu wajen da ake goga shi in za a shiga, sai da na sake gina shi hawa uku, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama. Ga kuma jakar iska a cikin gefen kujerar. Wurin nan ba a ɗinka shi da zaren da ka ga dama. Ɗinki ne da aka tsara ya yage da kansa idan an yi haɗari, jakar ta fito cikin ƙiftawar ido. Ka sa zare mai ƙarfi don aiki ya yi kyau, ka ɗaure jakar da za ta ceci haƙarƙarin mutum. Ya matsa mini in bi wurin da jan zare layi biyu kamar yadda ya gani a hoto. Na ƙi. Sai da na nemo zaren da ya dace da kuɗin aljihuna.

Ya karɓi mota yana washe baki, ya ba ni rabi, ya ce ciko ƙarshen wata. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shiru. A wata na huɗu sai ga shi da abokansa biyu. Yadin ya yi ƙuraje a mazauni, na rufi ya fara sakin gam yana reto, sitiyari ya kwaile wajen babban yatsa. Ya ce ni na ɓoye nasa na asali na sa masa jabu. Ni! Shekara talatin ina riƙe da almakashi ba a taɓa ce mini ɓarawo ba sai ranar. Ba ni da takarda, ragowar yadin ma ya kwashe tun ranar da ya ɗauki motar, ashe da niyya. Cikon bai biya ba har gobe, kuma ya bi masu irin motarsa yana ɓata mini suna, na yi kusan shekara biyu ban ga ko ɗayansu a ƙofar shagon nan ba.

Yadda ake kwance kujera da cire kan batir kafin a taɓa wayar jakar iska, ba zan tsaya gaya maka ba. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe sufana ba.

Batun allo kuwa, masu kuka su ne da gaskiya. Motar da ke wuce kilomita 250 a awa ba wurin neman esi a cikin shafi na uku na allo ba ne. Madanni hannu ke gane shi, ido yana kan titi. Mercedes sun yi allo mai faɗin santimita 141 aka yi ta tafi, amma ga hukumar gwajin haɗari ta Turai, Euro NCAP, daga 2026 tana rage maki ga motar da ba ta da madanni na hannu ga sigina, hon, waifa, fitilar gargaɗi da kiran agaji. Kuma ka sani allo ɗaya ya fi wa kamfani arha a kan madannai talatin da wayoyinsu, sai su sayar maka da tsuminsu da sunan zamani. Baƙar robar nan mai ƙyalli da suka zagaye giya da ita ma, mako guda ta isa ta cika da zane da shaidar yatsu.

Ku dai kun fi son fitilu masu sauya launi. Ni in motar ta fito, ka kawo mini wadda ta shekara biyu a hannun mai ita, in duba gefen kujerar direba da bakin sitiyari, sannan in gaya maka ko sun yi aiki. Yanzu tashi ka ɗauko littafin nan na kan teburi, mai jar motar can ya kawo nasa yadin, kuma ba za ka sa masa almakashi ba sai ya sa hannu.