Waifa tana yi tana tsayawa: ta ina za a fara?

Malam, ka ce waifar tsohuwar motarka wani lokaci ta yi aiki lafiya, wani lokaci ta tsaya cak a tsakiyar gilashi, kuma ka canza fiyus ba ta daina ba. Fiyus in ya ƙone, ya ƙone ke nan, ba ya dawowa da kansa. Matsalar da ke zuwa tana tafiya galibi ta haɗin waya ce.

Ni dai da wayar at nake farawa, wato wadda ke haɗa injin waifa da ƙarfen jikin mota. Ruwa na yawan taruwa a wurin, tsatsa ta ci ta. Kwance ta, ka goge har ƙarfe ya yi fes, ka ɗaure tam. Daga nan ka kunna waifar, ka jijjiga soket ɗin injin; in ta motsa, ka kama ɓarawon.

In gudu mai jinkiri kaɗai ke ba da wahala, zargi rile, wato ɗan akwatin da ke sakar wa injin wuta, ko makunni. In kuwa mitar auna wuta ta nuna volt 12 na isa injin amma sai an ɗan buga shi yake tashi, burushin kabon ɗinsa, wato 'yan guntayen da ke isar da wuta a cikin injin, sun cinye.

Don Allah kada ka sa fiyus da ya fi na asali ƙarfi, balle ka naɗa waya a madadinsa, wayoyi na iya kama wuta. Makunnin jikin sitiyari kuwa, in akwai jakar iska mai buɗewa lokacin hatsari a wurin, bar wa mai wayarin ya buɗe.