Wace igiya ce za ta jure zaman fadama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne a Argungu. Lokacin girbin rani mukan tare a fadama mako biyu ko uku, mu kafa rumfar tamfol muna kwana. Bara shuɗiyar igiyar da na ɗaure rumfar da ita ta tsinke da dare, iska ta yaye mana komai. Wace iri zan saya da za ta yi mini rumfa, shanya, ɗaurin buhu a babur da jan guga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a noman.

Ina kyautata zaton rana ce ta cinye igiyarka tun kafin iskar ta zo. A kasuwa duk igiyar roba nailan ake ce mata, alhali yawancin shuɗiya da rawayar nan ba nailan ba ce, wata roba ce mai araha da ake kira folifirofilin. Ga sauƙi, ba ta shan ruwa, amma zafin ranar Kebbi na Maris da Afrilu gasa ta yake yi. Launinta ya koɗe, ka murza ta ka ga gari a tafin hannunka. Wadda ta kai haka ta gama aiki, ko da a ido tana nan da kaurinta.

Ga gwajin da ba ya cin kuɗi: yanki guntu ka jefa a bokitin ruwa. In ta yi iyo, mai arahar ce. Nailan na gaske da wata irin igiyar roba da ake kira foliyesta nutsewa suke yi.

Don rumfa, nemi foliyesta mai kaurin milimita 5 ko 6. Tana jure rana, kuma ba ta miƙewa sosai, saboda haka ba za ka wayi gari tamfol ya saki ba. Nailan ya fi ƙarfi kaɗan, sai dai miƙewa yake yi, in ya jiƙe ma ƙarfinsa na raguwa. Ita mai iyon kada ka raina ta: a guga da ɗaurin kwalekwale ta dace, amma ka ɗauki milimita 10 don kada ta yanke maka hannu, kuma ka riƙa ɓoye ta a inuwa. Igiyar rama ko ta kaba ta ishe ka shanya, ƙullinta ma ya fi kamawa, illa dai gara da laima ba sa barin ta.

Ka san kowane ƙulli na rage ƙarfin igiya, wani har kusan rabi, don haka kada ka yi ta haɗa guntaye wajen ɗaurin buhu. In ka yanka ta roba, ƙona bakin da ashana kada ta warware.

Guda ɗaya nake roƙonka: duk cikinsu babu wadda za a ɗaura wa mutum a zura shi rijiya. Wannan aiki igiyarsa daban ce.